Tambaya da Amsa: Shin Sana'ar Tasmim Za Ta Riƙe 'Ya'yanmu a Saudiyya?

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili daga masu karatunmu na Makka da Jidda da Madina a 'yan kwanakin nan sun karkata ne ga batu guda, wato sana'ar isar da saƙo ta hanyar zane da hoto da tsara rubutu, wadda a nan ƙasar aka fi sani da tasmim. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani magidanci a Shara Mansur, Makka:

Assalamu alaikum. 'Yata ta kammala sakandare da sakamako mai kyau. Ni da mahaifiyarta muna so ta karanci aikin jinya ko koyarwa, ita kuwa ta dage sai tasmim. Shin wannan karatu ne da zai riƙe mutum, ko kuwa wasan kwamfuta ne na yara? Sannan ina jin tsoron maganar zanen abu mai rai.

Amsa:

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Abin da 'yarka take so ta karanta ba wasa ba ne, kuma kai da kanka kana cin moriyarsa kowace rana. Allunan da ke nuna wa alhazai hanya a Harami da Mina, da kwalin maganin da ke bayyana yadda za a sha shi, da fuskar manhajar Absher ta ayyukan gwamnati ko Nusuk ta hajji da umara da kake latsawa a wayarka, da tambarin da ke jikin kwalin dabinon Madina, duk wani ne ya zauna ya zaɓi girman harafi da launi da abin da ido zai fara sauka a kansa. Idan ya iya aikinsa, tsohuwar da ta zo daga Gusau ba ta jin Larabci za ta gane ƙofar da ta shigo ta nan. Idan bai iya ba, za ta wuni tana bulayi a cikin zafin rana.

Game da abinci a cikin sana'ar, gaskiya ita ce ƙasar ta sauya ƙwarai. A da, kasuwar ba ta wuce maɗaba'u da kamfanonin talla da gidajen jarida ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bunƙasa ƙasa mai suna Ru'uya 2030 a watan Afrilun 2016 kuwa, ƙofofi da dama sun buɗe a jere. A 2018 aka sake buɗe gidajen sinima bayan fiye da shekara 30 suna rufe, a shekarar ce kuma aka kafa Ma'aikatar Al'adu mai cin gashin kanta, wadda a 2020 aka samar da hukumomi 11 a ƙarƙashinta, ciki har da ta fim, da ta fasahar gani, da ta gine-gine da tasmim. Jidda ta fara karɓar bikin fina-finai na Bahar Maliya a 2021, ta kuma karɓi baje kolin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a 2023. Ga kuma baje kolin duniya na 2030 a Riyad da gasar cin kofin duniya ta 2034 suna tafe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu ba tare da alluna da littattafai da bidiyo da manhajoji ba, kuma mutane ne za su tsara su.

Wuraren karatu ma akwai su kusa da gida. Jami'ar Ummul Ƙura da ke nan Makka tana da kwalejin tasmim da fasaha, haka ma Jami'ar Jidda da Jami'ar Gimbiya Nura ta mata da ke Riyad, sannan Jami'ar Imam Abdurrahman bin Faisal da ke Dammam tana da sashen da ya keɓanta da wannan fanni. A ɓangaren masu zaman kansu, Jami'ar Darul Hikma a Jidda tana ba da digiri a kan sadarwa ta gani kai tsaye, Jami'ar Iffat kuma ta yi suna a karatun shirya fim. Dukkansu biyun an kafa su a 1999, kuma kuɗin makarantarsu yana da nauyi, don haka a yi lissafi sosai kafin a sa ƙafa.

Sai dai akwai abin da ba ka faɗa ba a wasiƙarka, alhali shi ne ya fi kowanne muhimmanci: shin yarinyar 'yar ƙasa ce, ko mahaifiyarta 'yar ƙasa ce, ko kuwa igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, take riƙe da ita? Idan ɗaya ce daga cikin biyun farko, hanyar jami'ar gwamnati a buɗe take gwargwadon makinta a jarrabawar shiga jami'a ta Ƙudurat da Tahsili. Idan igama ce, to sai ta nemi gurbin tallafin karatu da jami'o'in ke ware wa mazauna ƙasa waɗanda ba 'yan ƙasa ba, kuma guraben ba su da yawa. Bayan karatun ma akwai tsarin fifita 'yan ƙasa a wajen ɗaukar aiki, wanda a 2022 ya fara shafar ayyukan talla da kashi 30 cikin ɗari a kamfanonin da ke da ma'aikata biyar ko fiye a wannan ɓangare, kuma irin wannan kaso kan ƙaru da tafiyar lokaci. Ba don in karya mata gwiwa nake faɗin haka ba. Ina faɗa ne domin mai igama a wannan fanni ba ta da damar zama tsaka-tsaki, dole ta mallaki abin da kamfani ba zai same shi cikin sauƙi a hannun wani ba, kuma zan bayyana shi a amsar da ke biye.

Maganar zanen abu mai rai kuwa, tsoronka yana kan hanya, kuma hukuncinta na malamai ne, sai ku kai ta gaban malamin da kuka amince da iliminsa. Abin da zan iya shaida maka shi ne, kaso mai girma na wannan sana'a babu siffar mutum ko dabba a cikinsa ko kaɗan: tsara littafi, da ƙera haruffa, da tambarin kamfani, da allunan hanya, da taswira, da fuskar manhaja. Rigar Ka'aba da ake saƙawa a masana'antar Ummul Jud da ke Makka, rubutun da ke jikinta aikin mai tsara rubutu ne. Ka zauna da ita ka ji wane reshe take so, ka kuma nemi ta nuna maka abin da ta riga ta yi da hannunta. Idan ba ta da komai sai sha'awa ta baki, a ba ta watanni ta gwada kafin a biya kuɗin rajista.

Tambaya daga wani matashi a Jidda:

Ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a, ni ke tsara katin biki da fosta da allon shago. Ban yi jami'a ba, a intanet na koyi Photoshop da Illustrator. Yanzu masu kawo aiki sun ragu, wasu da kansu suke yi a Canva, wasu kuma su zo da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta yi musu su ce in buga kawai. Shin in haƙura in nemi wata sana'a tun da sauran ƙuruciyata?

Amsa:

Ƙanena, kada ka bar sana'ar, amma ka bar matakin da kake tsaye a kai, domin wannan matakin kam ruwa yana cin sa. Abin da ka gani a shagonku gaskiya ne. Tun da Canva ta fito a 2013 aikin jera hoto da rubutu a kan ƙirar da aka riga aka tanada ya fara arha, zuwan manhajoji irin su Midjourney a 2022 da Firefly na kamfanin Adobe a 2023 kuma ya ƙara karya farashinsa. Wanda iyakar iliminsa shi ne sanin inda ake latsawa a Photoshop, ba shi da abin da zai hana mai kawo aiki ya wuce shi. Abin da har yanzu ake biya da daraja shi ne sanin abin da ya kamata a faɗa, da wanda za a faɗa wa, da yadda zai fito daidai a takarda ko a fuskar waya.

Ka fara da abin da ke gabanka. Hoton da aka kawo maka daga ƙirƙirarriyar basira an yi shi ne da hasken launi uku na fuskar kwamfuta, wato ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa shuɗin da ya yi ƙyalli a waya yakan fito a dushe a takarda. Sau da yawa ƙarfin hoton bai kai ɗigo 300 a kowane inci da ɗab'i mai kyau ke bukata ba, babu kuma rarar milimita 3 da ake bari a gefe saboda yanka, rubutun Larabcin da ke cikinsa ma yakan zo a karye ko a birkice. Gyara waɗannan aiki ne mai zaman kansa, kuma ya kamata maɗaba'arku ta sa masa farashi, ta daina ɗaukarsa a matsayin kyauta.

Daga nan sai ka shiga ilimin harafi da gaske, domin a nan ne nake ganin rabon yaranmu yake. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, haruffansa suna haɗuwa suna sauya siffa gwargwadon inda suka faɗo a kalma, kuma kowane salo yana da muhallinsa: naskhi na littafi da mushafi, riƙ'a na rubutun yau da kullum da allon shago, sulusi na wurin girmamawa kamar kalmar shahada da ke jikin tutar ƙasar nan, kufi kuma ya dace da tambari. Haɗa Larabci da rubutun boko a allo guda ta yadda ɗaya ba zai danne ɗaya ba fasaha ce da ake nema a kowace ma'aikata da kamfani a nan, kuma waɗanda suka iya ta sosai ba su da yawa. Hukuma ma ta ɗauki abin da muhimmanci: an ayyana 2020 a matsayin shekarar rubutun Larabci, aka tsawaita ta zuwa 2021, a ƙarshen shekarar kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya bisa buƙatar da Saudiyya ta jagoranta. Ka kuma tuna cewa maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga miliyoyin mushafi da injuna na zamani, amma shafukan da injunan ke maimaitawa gwanin rubutu Usman Ɗaha ne ya rubuta su da hannunsa.

Kai kuma kana da ƙari a kan wannan, wanda ba na jin ka taɓa lissafa shi a cikin jarinka. Kana jin Larabci irin na Hijaz, kana jin Hausa, ka kuma san alhajin Najeriya da na Nijar, ka san abin da ke rikita shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Alhazan 2024 sun haura miliyan 1.8, ƙasar kuma tana da burin karɓar masu umara miliyan 30 a shekara, Hausa tana cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa zuwa gare su, maɗaba'ar Madina ma ta daɗe tana buga tarjamar Alƙur'ani ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Duk da haka, duk wanda ya saba duba takardun wayar da kai da ake raba wa alhazanmu a otal-otal da kamfanonin jigila ya sha ganin Hausar da aka rubuta babu lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, ko kuma an ɗauko su daga wata ƙirar haruffa daban sun tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙi. Wannan abu yana damuna, domin yana nuna wa mai karatu cewa ba a ɗauki harshensa da daraja ba, wani lokaci ma yana sauya ma'ana. Maganinsa yana nan kyauta: ƙirar haruffa irin su Noto da Andika da Charis duk suna ɗauke da haruffanmu. Ga dattawan da ajami kaɗai suke karantawa kuma, cibiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da ƙirar haruffa mai suna Alkalami, wadda aka ƙera a kan salon rubutun Kano, da Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma. Wanda ya san cewa a rubutun da dattawanmu suka saba da shi ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama, ya riga ya san abin da musammim, wato mai sana'ar tasmim, daga wata ƙasa ba zai sani ba.

Reshen da aiki ya fi yawa a yanzu shi ne zane mai motsi da gajeren bidiyo da tsara fuskar manhaja. Ba sai ka kashe kuɗi ba kafin ka fara: DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta na tace bidiyo, Blender na zane mai motsi kyauta ne gaba ɗaya, Figma ta tsara fuskar manhaja ma ana fara amfani da ita ba tare da biya ba, dandalin Edraak da Rwaq kuma suna da darussa da Larabci. Ka zaɓi reshe ɗaya ka zurfafa a cikinsa, kada ka ɗanɗani kowanne ka bari. Ita ƙirƙirarriyar basirar ma ka koye ta, ka yi amfani da ita wajen gwada tunani da share bayan hoto, amma kada ka miƙa wa mai aiki abin da ba ka bi shi harafi bayan harafi ba. Sannan ka tara ayyuka kaɗan masu kyau a Behance, shafin intanet da masu tasmim ke baje ayyukansu, kowanne da gajeren bayani na matsalar da aka kawo da yadda ka warware ta. Da ni ne kai, aikin farko da zan sa a ciki shi ne jagorar alhaji mai shafi ɗaya cikin Larabci da boko da ajami.

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar Maiurno ta ƙasar Sudan, mazauniyar Madina:

Ina tsakiyar karatu a Kwalejin Fasaha ta Khartoum yaƙi ya ɓarke, muka fito ba tare da takardar shaida ba. Shin shekarun da na yi sun tafi a banza ke nan?

Amsa:

'Yata, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa tun daga 15 ga Afrilun 2023. Shekarunki ba su tafi a banza ba. Kwalejin da kika shiga, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, gida ce mai asali a wannan fanni. A can ne Ibrahim El-Salahi da Ahmad Shibrain da Kamala Ishaƙ suka koyar, su ne kuma suka aza harsashin salon da duniya ta sani da Makarantar Khartoum, wanda ya ɗauki harafin Larabci da adon gargajiya ya gina fasahar zamani a kansu. El-Salahi ɗan malamin allo ne daga Omdurman, kuma a 2013 gidan adana fasaha na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin ayyukan rayuwarsa. Wanda ya zauna a wannan kwaleji ya koyi zane da hannu da auna launi da tsara fili, abubuwan da masu koyo daga intanet suka fi rauni a kansu.

Abu biyu nake ba ki shawara ki riƙe tare. Na farko, ki ci gaba da bibiyar sanarwar jami'arki ta hanyoyinta na hukuma, ki nemi takardar makin shekarun da kika kammala, domin da ita ce za a duba yiwuwar ɗorawa a can ko a wata jami'a, kuma takardar digiri tana da amfani a nan wajen rubuta sunan sana'a a igama da neman aiki a manyan hukumomi. Na biyu, kada ki jira takardar kafin ki sake tara ayyukanki. Ki tambayi abokan karatu da malamai ko akwai hotunan zanenki a wayoyinsu, abin da ya salwanta kuma ki sake yin sa, domin a wannan sana'a kundin ayyuka ake fara buɗewa kafin a tambayi shaida.

Tambaya daga wata matar aure a Hindawiyya, Makka:

Ina tsara katin walima da tallan turare da abaya daga gida, ina sakawa a Snapchat da Instagram. Igamata a ƙarƙashin maigidana take. Mutane sun fara biyana. Akwai matsala?

Amsa:

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi, amma akwai abin dubawa, kuma gara a duba shi tun aikin yana ƙarami. Takardar izinin aiki mai zaman kansa da Ma'aikatar Ƙwadago ke bayarwa ta 'yan ƙasa ce. Mai igamar rakiya ba ta da izinin yin aikin kuɗi sai an sauya matsayinta ta hanyar hukuma, shi ma ma'aikacin da ke ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da igamarsa ke ƙarƙashinsa, doka ta hana shi yin aiki don kansa ko don wani daban. Tallata kayan wasu a shafukan sada zumunta kuma yana da nasa lasisin mai suna Mawthooq, wanda aka fara aiki da shi a 2022 a kan riyal 15,000 na shekara uku, kuma sharuɗɗan da aka gindaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba sun fi tsauri. Hanyar da ta fi aminci ita ce ki tara kyawawan ayyukanki ki nemi wata maɗaba'a ko kamfanin talla mai rajista da zai ɗauke ki da kwantiragi ta dandalin Qiwa na Ma'aikatar Ƙwadago, bayan kun yi shawara da maigida a kan abin da sauya igamar zai jawo.

Ki kuma kula da haƙƙin mallaka, domin akwai hukuma ta musamman da ke sa ido a kansa a ƙasar nan. Hoton da kika samo a intanet yana da mai shi, ƙirar haruffa da yawa kuma kyauta ce ga amfanin kai kaɗai, ana biya idan za a yi kasuwanci da ita. Kafin ki sa kowanne a katin da za a biya ki, ki karanta sharaɗin da ke tare da shi, ki kuma ajiye shaidar izinin a babban fayil guda tare da aikin.